Wa Ya Zana Bangon Littafin?

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da sauran ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu. Na san takardar ta yi tsawo. In ta kama ka datse ta, datse, ba zan yi fushi ba, domin ni ma na shekara ashirin da wani abu ina datse maganar mutane don ta shiga shafi.

Ni tsohon mai buga rubutu ne. Da tafireta na fara, a wata 'yar maɗaba'a da ke Fagge a nan Kano, na ƙare da kwamfuta, har ranar da idanuna suka ce sun gaji. Yawancin abin da ya bi ta hannuna littattafan hikaya ne, waɗanda aka fi sani da na soyayya. Shi ya sa in jaridarku ta zo, shafin adabi nake sa jikana ya fara karanta mini. Ina jin daɗin hirar da kuke yi da marubuta, kuna tambayarsu yaushe suka fara, wa ya koya musu, littafi nawa suka fitar. Tambaya ɗaya ce ban taɓa jin kun yi ba, ita ce kuma ta sa na zaunar da yaron nan yana rubutawa ina faɗa: wa ya zana bangon littafin?

Makonni uku ke nan da muka kai wani abokin aikina makwancinsa. Allah ya jiƙansa, ya sa ya huta. A layinmu Mai Fenti muke ce masa, kuma haka zan kira shi a nan, tunda ban nemi izinin iyalinsa ba. Sahu uku muka yi a wajen salla, na ukun ma bai cika ba. A wajen zaman makoki wani matashi da ke kusa da ni ya tambayi sana'ar mamacin, aka ce masa, "Mai rubuta allon shago ne." Ban ce uffan ba, don ba wurin gardama ba ne, amma maganar ta tsaya mini a wuya. Mutumin nan, in da za a shiga ɗakunan matan Kano da Katsina da Gusau da Maraɗi a buɗe tsofaffin akwatuna, da wuya a rasa aikin hannunsa. Uwar wannan matashi ma, ina kyautata zaton ta taɓa ɓoye zanensa cikin littafin lissafi tana 'yar makaranta.

Bari in koma baya kaɗan saboda yaran yanzu. A da, harkar littafin Hausa ta Zariya ce. Can aka shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai ta 1933, wadda ta fito da su Abubakar Imam da Bello Kagara da Abubakar Tafawa Ɓalewa. Can aka kafa Kamfanin Gaskiya a 1945, can kuma aka kafa NNPC a 1966, na littattafai nake nufi, ba na man fetur ba. A wancan tsari marubuci rubutu kawai ya sani. Ya miƙa, kamfani ya duba, ya gyara, ya sa a yi zane, ya buga, ya rarraba. Da aka shiga shekarun 1980 sai tattalin arziki ya karye, aka kawo tsarin tsuke bakin aljihu na SAP a 1986, darajar naira ta faɗi, takarda ta yi tsada. Masana'antun takarda na Jebba da Oku Iboku da Iwopin, waɗanda aka gina don mu daina sayowa daga waje, ɗaya bayan ɗaya suka durƙushe. Manyan kamfanoni suka koma kan littattafan makaranta, inda suke da tabbacin ciniki. A daidai lokacin ne kuma aka sami tarin matasa, maza da mata, waɗanda shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya koya wa karatun boko, suna neman abin karantawa da harshensu, wasunsu kuma da labari a baki. Da suka ga ba mai buga musu, sai suka tara 'yan kuɗinsu suka nufo irin maɗaba'armu.

Ina tuna yadda rubutu ke zuwa mana. Littafin makaranta ne mai fallaye 80, wani lokaci uku ko huɗu a ɗaure da robali. Maza su da kansu suke kawo nasu, su zauna kan benci su cika ka da surutu. Na mata kuwa galibi ƙane ne ko ɗa ke kawowa cikin leda, da 'yar takarda a maƙale: "Malam, don Allah a kula da shi, ba ni da wani." Akwai wadda na buga wa littafi bakwai ban taɓa ganin fuskarta ba, amma na san rubutunta kamar yadda na san muryar uwargidana. Na san shafin da ta rubuta da dare, don layukan sukan fara gangarowa in barci ya fara ɗibarta. Na san wanda ta rubuta a gindin murhu, ga ɗigon manja a gefe. A wani wuri shuɗin biro ya ƙare ta ci gaba da ja, irin na gyaran jarrabawa, daga nan na gane malamar makaranta ce.

Aikina shi ne in mayar da wannan zuwa bugu. Tafiretocinmu na Turanci ne, ba su san ƙ da ɗ da ɓ ba. Sai ka gama buga shafi, ka ɗauki alƙalami mai tsinin baki, ka bi layi-layi kana sa wa haruffa ƙugiya da hannu. In ka yi gaggawa ka tsallake, ka jawo wa kanka. Na taɓa buga littafin da marubucinsa ya ce ƙura ta tashi a tsakiyar kasuwa, ni kuwa na bar ta kura, har aka buga aka rarraba. Shekara guda 'yan layinmu suna tambayata ko an kama ta. Zuwan kwamfuta ma bai raba mu da wannan ba nan da nan, shi ya sa za ka ga littattafai da yawa na wancan zamani babu ƙugiya ko ɗaya, mai karatu ne ke sa ta da hankalinsa. In ka ga wata ta ɓace a wasiƙar nan, jikana za ka kama.

Sannan ga lissafin shafi. Babban fallen takarda ninke shi ake yi, saboda haka shafukan littafi takwas-takwas suke tafiya, ko sha shida-sha shida. In labari ya zarce da shafi biyu, ko marubuci ya sayi ƙarin takarda, ko a datse. In ya gaza, a cike da gaishe-gaishe da wasiƙun masu karatu. Jerin sunayen ƙawayen nan da ake gani a ƙarshen littafi, rabinsa zumunci ne, rabinsa cike gurbi. Marubutan da suka goge da wannan lissafi suke rubutu. Sun san inda za su tsayar da littafi na ɗaya, daidai lokacin da aka ɗaga labule ko aka miƙa takardar saki, su ce mu haɗu a na biyu. Kuɗin na ɗayan ne zai buga na biyun, don haka wannan tsayawa ba ta wasa ba ce.

Amma duk wannan wahala tamu a ciki take, a rufe. Abin da ke fuskantar kasuwa bango ne. Ɗan kasuwa a Sabon Gari ko bakin Bata ba ya karanta littafi kafin ya sara. Ya juya shi, ya dubi bango, ya ce a kawo 200, ko ya ce a kawo 20 a gwada. Matar aure da ke cikin gida yaro take aika shagon haya, yaron kuma bai iya karatu ba, sai ta ce masa, "Ka ce a ba ka mai hoton yarinya da akwati a ka." Sunan littafin ke nan a wurinsu. Wanda ya raɗa wannan suna kuwa Mai Fenti ne da ire-irensa.

Bai yi makarantar zane ba. A wajen wani mai rubuta allunan shaguna ya koya, irin masu zana zaki da dawisu a bayan gingimari. Ba ya karanta littafi kafin ya zana, wai karatu na raba masa hankali. Sai dai ya zaunar da marubucin, ko ni in marubuciyar ba ta fitowa, ya ce a ba shi labarin da baki. Yana ji yana fiƙe fensir da reza. In an gama ya yi tambayarsa guda, wadda ba ta canzawa: "Wa aka fi zalunta a ciki?" Wanda aka ambata shi zai hau bango. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi neman wanda ya fi kyau. Ya ce kyau kowa na iya zanawa, mai saye kuwa wadda aka cuta take nema, don ta ga ko irin tata cutar ce.

Kayan aikinsa ba su cika jakar hannu ba. Farin kwali, fensir, alƙalamin tawada, fentin ruwa a 'yan kwalabe, da buroshi huɗu ko biyar, ɗaya ma shi ya haɗa abinsa da gashin wutsiyar doki. Idonsa ne jarin. Yakan je Kantin Kwari ya tsaya kamar mai jiran wani, alhali atamfofi yake dubawa, wace ce ake yayi, yaya ake ɗaura ɗankwali bana. Ranar Hawan Daushe kowa na kallon dawaki, shi yana kallon 'yan kallo. Shi ya sa in ka dubi bangonsa za ka san shekarar, za ka kuma san mutanen. 'Yar Maiduguri da lafayarta, ɗan boko da Fijo 504, Alhajin birni da Marsandi, hular zanna ta karkace gefe guda, kishiya kuwa daga yadda ta riƙe ƙugu za ka gane ta. Abin da ya fi ba shi wuya hannu ne. Yakan ce fuska tana yafe kuskure, yatsu ba sa yafewa. In ka ga budurwa a bangonsa ta ɓoye hannu cikin mayafi, to ranar an matsa masa da sauri ne.

Gama zane kuma rabin aiki ne. Injinmu Kord ne, ɗan Jamus, launi ɗaya yake bugawa a lokaci guda. Bango mai cikakken launi sai ya bi ta cikinsa sau huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, kowanne da nasa faranti, a wanke inji kafin a sa na gaba. Marubucin da ba shi da kuɗin da za a raba masa launi da na'ura, Mai Fenti ne zai raba da hannu. Ya ɗora takarda mai shara-shara a kan zanen ya kwafe wuraren ja kaɗai, ya ɗora wata ya kwafe na shuɗi, yana sa 'yar alamar kuros a kusurwa don su hau kan juna daidai. A ka yake lissafa cewa in rawaya ta hau shuɗi za a sami koren mayafin da yake so, ba ya ganin abin da ya shuka sai takarda ta fito daga inji. Mai inji ya kuskure da faɗin ƙwayar gero, amarya ta fito da leɓe huɗu. Da damina takarda ta sha danshi ta yi ta lanƙwashewa, da hunturu ta bushe ta riƙa mannewa da juna, ga wuta da za ta ɗauke ana tsakiyar ja. Yakan tsaya a gindin inji har tsakar dare, ba wanda ya biya shi wannan tsayuwa, yana cewa a rage ja, fatar yarinyar nan ta koma tattasai.

Ladansa fa? Sau ɗaya ake biyansa, shi ke nan. Littafi ya karɓu a yi ta sake bugawa, ba mai komawa ya ce masa ga na goro. Ban ce marubuta da gangan suka cuce shi ba. Su ma 'yan kasuwa na riƙe musu kuɗi wata da watanni, wani ma sai dai ya tsinci littafinsa an buga a wani gari bai sani ba. Kowa a harkar nan ya ɗauki kansa kura mai shan bugu, yana nuna na gaba da shi a matsayin gardi. Asalin zanen kuma a maɗaba'a ake barinsa. In an gama da shi a jefa saman kabad, ko yaran shago su shimfiɗa su ci gurasa a kai.

A nan zan faɗi nawa laifin, don shi ne ya hana ni barci tun ranar jana'iza. Farkon zuwansa yakan sa hannu a ƙasan zane, can kusurwar dama, haruffa biyu ƙanana da shekara. Wurin nan kuwa shi ne inda muke manna farashi da sunan maɗaba'a. Ni nake yanko 'yar takardar, in shafa gam, in ɗora a kai. In ma ban rufe ba, injin yanka zai cinye shi wajen daidaita gefe. Ban taɓa ɗaukar abin a bakin komai ba. Wata rana ya ɗauki sabon littafi daga kan tari, ya duba kusurwar, ya dube ni, ya ce, "Malam, ka sake binne ni." Muka yi dariya. Daga baya na lura ya daina sa hannun gaba ɗaya. A shafin farko kuwa ni da kaina nake buga sunan marubuci, da na wanda ya duba, da na wanda aka sadaukar wa, da gargaɗin haƙƙin mallaka, wani lokaci har da nawa sunan. Layi ɗaya ya rage in ƙara, kuma ba wanda ya hana ni.

Gaskiya shi ma bai matsa ba, kuma da dalili. Zanen mai rai abu ne da malamai suka yi magana a kansa, shi kuwa mutum ne mai zuwa karatu tsakanin magariba da lisha. Abin na damunsa. Akwai shekarun da yake jan wani siririn layi a wuyan duk wanda ya zana, ya ɓoye shi cikin sarƙa ko wuyan riga, wai don kada surar ta cika. A unguwarsu kuma ya fi son a san shi da rubuta allon makaranta da na kemis, da a ce ga mai zana 'yan mata. Hukuncin wannan na masana ne, ba zan sa baki ba. Amma ko ɓoyewar ce, shi ya kamata ya zaɓa, mu kuwa ba mu tambaye shi ba.

Abin da ke ƙara ba ni kunya, binne mai aikin hannu ba gadonmu ba ne. Mahaifina almajiri ne, ya bar mana 'yan littattafai na rubutun hannu a cikin gafaka. Ka buɗe ƙarshensu za ka tarar wanda ya kwafa ya rubuta cewa littafi ya cika da godiyar Allah, da hannun wane ɗan wane, ya roƙa wa kansa gafara da iyayensa da malamansa. Ba shi ya wallafa ba, kwafa kawai ya yi, amma ga shi muna yi masa addu'a da sunansa bayan ƙasa ta daɗe da rufe shi. Makaɗa ma haka suke. Mawaƙi na tsakiyar waƙa zai juya ya ambaci mai kalangunsa da 'yan amshinsa ɗaya bayan ɗaya. Mu 'yan boko da injinmu muka zo muka yar da wannan ladabi.

An yi ta muhawara a kan littattafan nan a jaridu cikin shekarun 1990. Farfesa Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, su Farfesa Abdalla Uba Adamu suka tsaya musu, aka yi ta musayar alƙalami. Mu a maɗaba'a muna bi muna karantawa, wani lokaci mu ji haushi, wani lokaci mu ce wallahi an faɗi gaskiya, don mun fi kowa sanin yawan kurakuran da muke fitarwa. Bayan nan aka kafa hukumar tace finafinai da ɗab'i ta Jihar Kano a 2001, a 2007 kuma har ƙona wasu littattafai aka yi a bainar jama'a. Hayaniyar duk ta fi karkata kan abin da ke ciki, ko yana gyara tarbiyya ko yana ɓatawa. In an waiwayi bango, to don a ce gyalen ya yi ƙanƙanta ne. Wani Bature, Farfesa Graham Furniss, ya tara littattafan nan masu yawa a makarantar SOAS da ke Landan. Na yi murna da haka. Sai dai ɗalibin da zai ɗauko wanda ya fito daga shagonmu, zai ga sunan kowa ban da na wanda ya yi abin da ya fara ɗaukar idonsa.

Sana'ar kuwa mu muka kashe ta da kwamfutarmu. Wajen ƙarshen shekarun 1990 finafinan Hausa na bidiyo suka bunƙasa, marubuta da yawa suka koma can, masu karatu kuma suka fara son ganin fuskar da suka sani. Maigidanmu ya sayo sikana, wato na'urar kwafar hoto zuwa kwamfuta, da manhajar zane ta CorelDraw. Cikin rabin awa sai in ɗauko hoton 'yar fim, ko na wata 'yar Indiya daga kalanda, in yanke, in ɗora a gaban wani katafaren gida da ba a Kano yake ba, in rubuta suna da haruffa masu inuwa. Ba jiran kwana uku, ba kuɗin mai zane. Na yi alfahari da wannan ƙwarewa a lokacin. Mai Fenti yakan leƙo ya tsaya a bayana yana kallo, ba ya cewa komai, sai dai wani lokaci ya nuna da yatsa ya ce inuwar ta faɗi ɓangaren da bai dace da rana ba. Kuma daidai ya faɗa.

Ya koma allunan shaguna. Nan ma aka kawo injin buga allon roba, mai gidan abinci ya ga da kuɗi kaɗan zai sami hoton shinkafa da kaza kamar ka miƙa hannu ka ɗauka. Ya koma katangun makarantun kuɗi yana zana haruffa da tuffa da ƙwallo. Lokacin zaɓe ya zana 'yan takara, wasu su biya, wasu su ce sai an ci. A ƙarshe rubutun bayan keken A Daidaita Sahu ne ya riƙe shi. Hannunsa ya fara rawa shekarun baya, amma da zarar ya ɗora buroshi a jikin ƙarfe sai rawar ta tsaya. Na gani da idona, lokacin idon na gani.

Ban rubuto don in ce a koma jiya ba. Jikokina mata a waya suke karatu, a WhatsApp da Wattpad, su tura kuɗi ta banki a turo musu ci gaba, wasu kuma a YouTube ake karanta musu. Marubuciya ta huta da ɗan kasuwa mai riƙe kuɗi, ta huta da ni da kurata. Gasar gajerun labarai ta Hikayata da BBC Hausa ta fara a 2016 ta fito da mata masu kaifin alƙalami, ana kiran sunansu duniya na ji. Duk alheri ne. Sai dai an nuna mini irin bangon da ake yi yanzu, wanda ake gaya wa na'ura ta zana cikin minti ɗaya. Sumul, ba leɓe huɗu. Na kawo wayar dab da hancina na ƙura ido, yarinyar ba 'yar Kano ba ce, ba ta Damagaram ba ce, ba ta ko'ina ba ce. Ɗaurin ɗankwalinta, in aka shiga gidan biki da shi a nan, sai an yi dariya. Na ce wa jikata ta ƙirga yatsun hannun, ta ƙirga ta sami shida. Ashe na'urar ma yatsu ba su yafe mata ba.

Ga roƙona, ranka ya daɗe. Masu irin wannan aiki ba su ƙare ba tukuna, sun dai tsufa, wasu na sayar da fenti, wasu na zaune a gida. Ka tura wakilinka ya neme su. Ya je wajen tsofaffin masu sayar da littattafai da tsofaffin masu inji, ya ɗaga tsohon littafi ya tambaya wa ya yi wannan. Za a nuna masa, ko a nuna masa wanda ya sani. Ya zauna da su, ya ɗauki hoton abin da ya rage na aikinsu, ku riƙa bugawa ko sau ɗaya a wata, bango guda da sunan mai shi a ƙasa da manyan haruffa. Duk marubucin da kuka yi hira da shi kuma, a ƙara masa wannan tambaya: wa ya zana bangon littafinka na farko? Wasu za su tuna nan take. Wasu za su yi shiru, shirun ma a rubuta shi. In Allah ya sa abin ya taru, ga Gidan Makama, ga Gidan Ɗan Hausa, ga Jami'ar Bayero, ba a rasa inda za a rataya su jama'a su zo su gani.

Marubutanmu na wancan zamani kuma, waɗanda Allah ya ɗaukaka, wasu sun zama manya a ƙungiyoyi, wasu har an fassara su zuwa Turanci, ina tuna muku. In za a sake buga tsohon littafi, a nemi mai zanen ko magadansa, a sa suna, a kai musu abin da ya sawwaƙa. Mai Fenti ya bar yara da ba su gama makaranta ba.

Bayan addu'ar uku na sa aka sauko mini da wani kwali da na kwaso ranar da aka rufe maɗaba'armu aka sayar wa 'yan gwangwan injin. Zanensa na asali 31 ne a ciki. Gara ta ci gefen guda tara, ɗaya kuma akwai shacin kofin shayi a fuskar ango. A guda huɗu daga cikin tsofaffin na sa farce na kankare 'yar takardar farashin a hankali, gam ɗin ya riga ya bushe ya zama gari, sai ga haruffansa biyu da shekara a ƙasa, tawadar ko dushewa ba ta yi ba. Ranar Juma'a zan kai wa iyalinsa in nemi izininsu. In sun yarda zan aiko maka da sunansa da na mahaifinsa, yadda masu kwafar littafi suke yi. Wakilinka kuma in zai zo, ya zo da hantsi, lokacin ne idona ke ɗan gani.

Naka,
Tsohon mai buga rubutu,
Fagge, Kano.